Hannun Manzo a Bangon Santiral

Tun da Manzo ya aje aiki a Yamai ya komo Filinge, ba shi da wurin zama sai gindin injin niƙan Haske. Haske bazawara ce, irin wadda ke rambaɗa kwalli ko gaisuwar mutuwa za ta. Kullum da hantsi sai ki gan shi jingine da ɗakin injin, tahin hannu manne da bango, ido ruhe. Mata sunka ce so ne. Ni ma na ce so ne, har na ɗan ƙara gishiri a bakin rijiya.

Manzo taubashina ne, don haka na tare shi ran kasuwa.

"Bawana, in Haske kake so, hwaɗa min in kai goro. Bangon ga ba shi da waliyyi."

Sai da na maimaita, don kunnenshi ya hwara tahiya.

"Dijatu, ke ko an kai ki kushewa sai an koma an ɗaure bakin."

Daga nan ya yi sanyi. Ya ce santiral yake kewa, tsohon gidan wutar lantarki na bakin gulbi a Yamai, inda ya ƙare ƙuruciyarshi shina ba injuna mai. Likita ya ce mishi kunnen ba ya komowa, ruhewa zai ci gaba da yi.

"Injin Haske ɗan akuya ne," in ji shi. "So nake in ji manyan, ko sau guda, kahin a ruhe ni."

Ɗiyata Ummul ta haihu a Yamai, dama zan tahi barka, sai na ja shi munka shiga mota tare.

Ba sai an yi tambaya ba. Ki ce ma mai taksi santiral, ya gane. Tun daga nesa ake hango bututun hayaƙin, ya hi duk wata hasumiya da na sani tsawo. Tagogi dogaye sun jeru suna kallon ruwa, bangon launin kunun tsamiya. Munka iske ango da amarya suna ɗaukar hoto a gabanshi, amaryar ko murmushi ba ta iya ba.

Manzo ya san an daina aiki a wurin, amma ya ɗauka za su bar ko inji guda saboda ɓacin rana. Mai gadi ya buɗe muna. Ba komi ciki sai ramukka uku a daɓe inda injunan sunka zauna, da guntayen ƙusoshi, da tantabaru a sama. Warin tsohon mai kaɗai ya tarbe shi.

Ya zagaya ramukkan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ziyarar maƙabarta. Can ya tahi ya dahwa bango, ya ruhe ido.

Daidai lokacin wasu gingimari sunka hau gada, nan kusa, da lodi har sama. Ginin ya ɗauki rawa kaɗan-kaɗan, har tantabara guda ta tashi.

"Dijatu, kin ji? Ta tsakiya ce, cikin injunan uku. Ita ke da wannan tarin in ta tashi." Ya ƙara manna hannunshi da bango. "Sun kwashe ƙarhen, amma motsin ya shige bango."

Mai gadi ya buɗe baki zai yi bayani, na taka mishi ƙahwa da ƙarhi.

"Na ji, bawana," na ce a kunnenshi. "Tarinta ma irin naka."

Bai ɗauke hannun ba har motocin sunka wuce.

Tun da munka komo bai sake zuwa wurin Haske ba. Mata sun ce sun ɓata, ni ko na ce ita ta ƙi shi don ba shi da haƙora. Yanzu gindin gawon ƙohwar gidanshi yake wuni, wani lokaci ya buɗe tahin hannu a kan gwiwa ya yi ta kallo. Kunnen ya ida ruhewa da kakar bana. Wadda ta ga dama ta je ta gaya mishi gingimari ne, ba ji zai yi ba.