Ƙunshin Kifin Artemio

"Nelida, yau gishiri ya yi tsada ne a garin?"

Wani mai gyaran takalma da ake kira Don Eusebio ne ya yi tambayar. Yana tsaye gaban teburinta a kasuwar Belén, ya buɗe ƙunshin gasasshen kifin da ya saya, ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska. Nelida ta buɗe baki za ta mayar masa da baƙar magana kamar yadda suka saba, sai idonta ya sauka kan kifin. Fari fat, ba albasa, ba barkono, ba komai.

Wannan ƙunshin ba na sayarwa ba ne, na mijinta Artemio ne. Kuma in nasa yana nan a hannun Don Eusebio, to wanda ta miƙa wa Segundo mai kwalekwale da safe ya kai wa mijin na kasuwa ne, wanda ya sha gishiri da tafarnuwa har ya ƙoshi.

"Wayyo Allah, na kashe mutumin nan!" Ta dafe kai da hannu biyu.

Orfelinda, maƙwabciyar teburinta mai sayar da ayaba, ta taso da sauri. "Ke, lafiya? Wa kika kashe?"

"Na musanya ƙunshin, ƙawata. Mai gishiri na aika masa."

Orfelinda mace ce da ba ta rasa abin faɗa, amma wannan karon sai ta yi alamar gicciye kawai, ta ce, "Cire wannan rigar girkin ki ruga. Ni zan kula da wutar."

Artemio yana daji wajen Kaka Casilda mai magani, ya kusa wata guda. Giyar rake ce ta kai shi. Ta cinye babur ɗinsa mai ƙafa uku, ta cinye kwanon rufin ɗaki, saura kaɗan ta cinye shi kansa, don daga ƙarshe a kwata aka tsinto shi. Tsohuwar ta shayar da shi ayawaska, wani dafaffen maganin itace mai sa amai, ta yi masa waƙoƙin magani, ya amayar da abin da zai amayar. Daga nan ta ajiye shi shi kaɗai a bukka, tana ba shi jiƙon saiwa, ta ɗora masa kamun baki: ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba naman alade, ba mace. Dafaffen agade da kifi lami, shi ke nan. Kowa a unguwarsu ya san ba a wasa da wannan. Itacen da ka sha yana da kishi, in ka karya masa doka sai ya juya maka baya. Akwai wani ɗan layinsu da ya lashi miya ana saura kwana kaɗan ya fito, har yau yana yawo bakin kogi yana hira da karnuka.

Shi ya sa Nelida take gasa nasa a murhu daban, ta ajiye shi gefe. Yau ruwa ya sauko da sassafe, tana kare garwashi, Segundo yana ta danna mata kira daga bakin ruwa, hannunta ya ɗauko abin da ya ɗauko.

Ta keta kasuwar a guje, ta bi ta layin masu sassaƙe da kwalaben jiƙo, ta gangara matakalar da ke santsi. Ta tarar da Segundo ya dawo tuni, yana kwance cikin kwalekwale da hula a fuska.

"Tashi, ɗan'uwa! Wa ka ba ƙunshin?"

"Wa zan ba? Na rataye shi a sandar bakin hanya, inda mijinki yake ɗauka. Tsohuwa ta shiga daji yankan magani tun da asuba."

Da ma abin da Nelida ta dogara da shi ke nan, cewa Kaka Casilda za ta sansana abincin kafin ya isa. Ta faɗa cikin jirgin ta ce ya tayar da inji.

Kogin ya cika, ruwan ya yi ja saboda laka, injin kuma sai ƙara ba sauri. Segundo ya gwada kwantar mata da hankali. "Ƙila bai ci ba tukuna."

"Artemio? Mutumin da ko ragowar giyar wani aka miƙa masa... " Ta katse kanta, ta girgiza kai. "Ka san shi, Segundo. Tunda nake da shi ban taɓa jin an miƙa masa abu ya ce a'a ba. Ga shi wata guda bai ɗanɗani gishiri ba."

Segundo bai yi musu ba, don shi ma ya sha miƙa masa kwalba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ce. Ita da ta roƙe shi, ta yi kuka, ta yi yaji, ta dawo, ta sayar da 'yan kunnenta ta kai shi wajen mai magani. Yau da ya kama hanyar zama mutum, ita ce ta aika masa da abin da zai haukata shi, a naɗe da ganye, da hannunta. Ta zauna tana murza yatsu, tana kiran sunan Budurwa Maryamu.

Da suka isa ba ta jira an ɗaure jirgi ba, ta dira cikin laka har gwiwa. Ta haura ta wuce sandar, babu komai a rataye. Ta ƙarasa tsakar gidan tsohuwar tana haki.

Kaka Casilda na zaune kan kututture, ƙafa a miƙe, ga tulin saiwa a gefe. A cinyarta akwai buɗaɗɗen ganye, tana tsince ƙaya tana suɗe yatsu.

"'Yar nan, hannunki ya yi nauyi a tafarnuwa," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Amma kifin ya gasu."

Nelida ta tsaya baki buɗe. "Kaka... shi fa? Ya ci?"

"Zauna tukuna, kada ki faɗo mini kan magani." Tsohuwar ta tofar da ƙaya. "Na dawo daga daji na tarar da mutumin naki a bakin tsakar gidan nan, ya soke ƙunshin a tsinin gora, ya miƙe hannu da shi can nesa kamar ya ɗauko maciji. Yawu na zuba, hawaye na zuba. Tun safe yake tsaye a haka, wai yana tsoron in ya ajiye a ƙasa zai tsuguna ya buɗe."

"Bai ko lasa ba?"

"Da ya lasa da kin ji shi tun daga kogi. Ƙamshin dai ya shige shi, don haka na busa masa hayaƙin taba a ka, kuma zan ƙara masa kwanaki. Da kaina zan sa masa gishiri da lemon tsami a harshe ranar da itacen ya sake shi, ba ke ba."

Nelida ta zube a ƙasa. Daɗi ya kama ta, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun, tana share majina da bayan hannu. Da ta natsu ta ce, "Kaka, in leƙa shi? Ko daga nesa."

"Da wannan warin albasa da sabulun da kike yi? Ko inuwarki kada ta bi ta hanyar nan." Tsohuwar ta naɗe ganyen, sannan ta dube ta a karo na farko. "Amma ya bar magana. Na so in wanke ki tas yau, shi ya hana. Ya ce, 'Kaka, don Allah kada ki yi wa Nelida faɗa. Aiki ne ya yi mata yawa, ita kaɗai ce.'"

Shekara da shekaru Nelida ce mai bin gidaje tana ba da haƙuri saboda shi, gidan mai haya, gidan maƙwabta, gidan duk wanda ya zaga cikin maye. Ba ta taɓa jin yadda abin yake ba in wani ne ya roƙa maka.

Ta kalli bakin 'yar siririyar hanyar da ta shige cikin itatuwa, ta daɗe tana kallo. Daga ƙasa Segundo ya kwaɗa kira yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau!" ta amsa da ƙarfi. Ta cire takalmanta masu laka, ta matso kusa da kututturen.

"Kaka, akwai saura a ganyen nan? Tun safe ban sa komai a bakina ba."