Kwalba Mai Jan Murfi

Shekara goma sha ɗaya Kang Yulan ta yi tana yi wa ɓeraye yanka a gadon baya, tana auna yadda raunin ke haɗewa. Aikinta ke nan a ɗakin bincike na wata jami'a a birnin Taiyuan. Ba likita ba ce. Ta san haka, amma wanda ya daɗe da farar riga a jikinsa yakan manta matsayinsa.

A bazarar nan Malam Dou, shugaban ɗakin, yana gwada wani feftaid, guntun sinadarin furotin da ake zaton yana sa fata da tsoka su haɗe da wuri. Ƙa'idar aikin ita ce mai shafawa kada ya san abin da ke hannunsa. Kwalabe iri biyu ne a firiji, masu jan murfi da masu kore. Iri ɗaya da sinadarin a ciki, ɗayan mai ne zalla. Malam Dou kaɗai ya san wanne ne wanne, ya rubuta ya rufe a ambulan sai ranar da aka gama. Kowace kwalba kuma an rubuta a jikinta cewa ba ta mutane ba ce.

A gida, ciwon suga ya buɗe wa mahaifinta gyambo a ƙafar hagu. Likita ya ce a kwantar da shi a cire yatsu biyu tun abin bai hau ba.

"Yatsu biyu!" in ji tsohon, yana zuƙar taliyarsa. "Shekara talatin ina haƙar kwal ban bar ko farce a rami ba, sai yanzu wani zai yanka ni kamar kabeji? Yadda iyayena suka ba ni jikin nan, haka zan mayar musu da abinsu."

"Baba, ya fa fara wari."

"Hancinki ne, ɓeraye sun lalata shi. Miƙo mini ruwan tsamin can."

A mako na biyu na gwajin Yulan ta lura ɓerayen jan murfi sun fi saurin warkewa. Ta nuna wa Shen, wadda ta girme ta a aikin.

"Yaya Shen, dubi 'yan ja. Ai an san inda maganin yake."

"Boka muka samu? To ki yi mini duba, yaushe mijina zai bar taba? Ke dai auna ki rubuta. Ɓera goma sha biyu ba sa faɗin gaskiya cikin mako biyu."

Yulan ta yi dariya, amma da aka tashi aiki kwalba biyu masu jan murfi na cikin jakarta. Sata ce, ko da tausayi ya sa ta. Mafi muni, ta gaya wa tsohon abin da yake son ji, cewa ba sai an yanka ba.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Safe da yamma tana wanke gyambon, ta shafa man, ta ɗora rula kamar yadda take yi wa ɓeraye. Bakin gyambon kuwa yana tsukewa. Tsohon ya riƙa fita da sanda wurin masu dara a gindin bene yana cika baki. "'Yata ta fi likitocinku. Abin da take shafa mini ko gwamna bai samu ba tukuna."

Rula faɗi take aunawa. Ba ta auna zurfi.

Rana ta ashirin da huɗu da fara gwajin Malam Dou ya tara su bayan abincin rana ya yage ambulan.

"Kore shi ne feftaid. Ja mai ne kawai." Ya cire tabarau ya murza ido. "Babu wani bambanci na kirki. Ɓeraye ne matasa, da kansu suka warke. Wata takwas ɗinmu na shiri ya tafi."

Shen ta juyo za ta tsokani bokanta, da ta ga fuskar Yulan sai ta fasa.

Yulan ba ta ko cire farar rigar ba ta fita. A gida ta tarar da tsohon a lulluɓe da bargo biyu cikin wannan zafi, haƙoransa na kaɗawa. Da ta yaye bargon, duhun fata ya wuce idon sawu.

A asibiti likitan fiɗa ya danna gefen gyambon sau ɗaya, abin da ke ciki ya fito. Ya tambayi me ake sa masa. Ta faɗa. Ya miƙo takardar da dangi ke sa wa hannu, ya nuna da alƙalami inda za a yanke, ƙasan gwiwa kaɗan. In an kai gobe, in ji shi, ba maganar ƙafa za a yi ba.

Tsohon ya kamo gefen rigarta.

"'Yar nan, gaya musu su dakata. Maganinki bai gama aiki ba."

"Ba magani ba ne, Baba."

"To mene ne?"

"Ba komai ba ne. Mai ne kawai. Ban sani ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki rigar a hankali. Ta sa hannu a takardar. Da aka turo gadon za a shiga da shi ta bi gefensa har bakin ƙofa tana kiran Baba, shi kuwa idonsa na kan silin.