Saniyar da Ke Bayan Tudu

Sereana ta iso ƙauyenmu a bayan motar ɗaukar madara, zaune tsakanin garewani, don ruwan sama ya cinye hanya har bas ta daina shigowa. 'Yar wana ce. Da uwarta ta rasu ni na ƙarasa rainonta a gidan nan, da nonon shanun mijina, Peniasi. Yanzu tana babban karatu a wata jami'a a Ostareliya a kan cututtukan dabbobi, kuma aikin karatun ne ya dawo da ita Fiji.

Ranar na dafa gwaza da kifi a romon kwakwa. Da yamma maza suka shimfiɗa tabarma, aka dama yangona, abin shanmu na gargajiya da ake yi da dakakkiyar saiwa, ƙoƙo yana zagayawa ana tafa hannu. Can sai maƙwabcinmu Waisake, abokin Peniasi tun suna yara, ya tambaye ta wane irin aiki ne.

"A kan cutar ɓari ne, Baba," in ji ta. "So nake in gano ta inda take shiga garke, da irin garken da ya fi zama cikin haɗari."

Ƙoƙon ya tsaya a hannun mai rabawa. A shekarun baya cutar nan ta shigo mana. Farar motar gwamnati ta riƙa bi gida-gida ana ɗibar jinin shanu, duk wadda aka same ta da ita a shafa mata fenti a gadon baya, a wuce da ita mahauta. Fiye da rabin garken Peniasi ya tafi a haka. Akwai waɗanda tun daga nan ba su sake kiwo ba.

"Ba jini zan ɗiba ba," Sereana ta yi saurin cewa. "Tambaya ce kawai. Kuma ba na ba da sunan kowa, dokar aikin ta hana ni."

"Wancan karon ma ai da tambaya aka fara, 'yata," in ji Waisake. Ya yi dariya, amma shi kaɗai.

Kashegari ta sa takalman roba ta fara bin gonaki. A ina ka sayo shanunka? Bajimin wa kake aro? In saniya ta yi ɓari, me kake yi da ɗan da mabiyiyar? Karnuka suna ci? Ko'ina ta je a ba ta shayi da dafaffen rogo, a tambaye ta sanyin Ostareliya, sannan a rantse mata cewa ba a taɓa ɓari a garken ba.

"Gwaggo, ashe shanun ƙauyen nan mala'iku ne," ta ce mini wata rana tana wanke ƙafa. "Ko tari ba sa yi."

Na yi murmushi na ci gaba da kankare kwakwa. Abin da ba ta sani ba, kafin zuwanta da 'yan makonni jar saniyarmu ta yi ɓari. Peniasi da hannunsa ya zaro ɗan, ya jefa a kwazazzabo, ya ja saniyar ya ɗaure a bayan tudu inda gonarmu ta yi iyaka da ta Waisake. Can yake zuwa ya tatse ta shi kaɗai. Ya ce mini zamewa ta yi a taɓo, faɗuwa ce ta jawo. Ban yi musu ba, kuma ban tambaye shi abin da ya sa yake ɓoye ta ba.

Ba a yi mako da zuwan Sereana gonar Waisake ba sai ga farar mota a ƙofarsa. Aka ɗebi jini, aka dawo, aka tafi da shanunsa biyu. Ranar da yamma ya zo ya tsaya a bakin shingenmu, ya ƙi shigowa.

"Torika," ya kira ni, "ki gaida mini da baƙuwarki. Ki ce tambayoyinta sun iso."

Sereana ta fito da gudu ba takalmi. "Baba, na rantse ba ni ba ce. Ai suna gwada madarar da ake tarawa a rumfa, ƙila a can suka gani."

"Ƙila," in ji shi. Ya dubi Peniasi da ke zaune a dakali, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya. Mu duka mun san bajiminmu ya yi wata guda a garken Waisake a farkon shekara.

Daga nan ƙofofi suka fara rufewa. A coci ranar Lahadi matan da muke zama tare suka matsa suka bar wa Sereana fili kamar mai ƙyanda. In ta je gona sai matar gida ta ce maigida ya tafi gari, alhali ga dokinsa a ɗaure.

Ni kaina na fara lura da ita. Na ga ta daina zuba ɗanyen nono a shayi, sai ta tafasa shi da kanta. Na ga tana kallon karenmu lokacin da ya dawo daga kwazazzabo da wani abu a baki. Na ga tana bin Peniasi da ido duk sanda ya ɗauki bokiti ɗaya ya nufi tudu. Muna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa yana sauraren motsin kowa.

Peniasi kuwa ya fara rama. Zazzaɓi ya zo masa da la'asar, ya tafi da safe, ya sake dawowa. Rigarsa kullum sharkaf da gumi, gwiwoyi da ƙugu suna ciwo har sai ya dafa bango yake tashi. Wata safiya muna karyawa Sereana ta ajiye kofinta.

"Kawu, na ga jar saniya. Na bi ka jiya."

Ya ci gaba da tauna rogo.

"Ba don aikina nake magana ba. Cutar nan tana kama mutum. Ka sa hannu a cikinta, kana shan nononta ɗanye, ga zazzaɓin nan. Mu je asibiti a duba jininka."

"Iye," in ji shi. "An kasa samun jinin shanuna, za a bi ta nawa ke nan."

"Kawu!"

"Ke da kika ce ba kya ɗibar jini. Da tambaya kika zo, yanzu kin koma bin sawuna a daji. Gobe kuma me?"

"Ba zan gaya wa kowa ba. Amma ba zan zauna ina kallo ka mutu ba."

"To rufe idonki," ya ce, ya dafa tebur ya tashi.

Da rana na je ɗebo ruwa a tanki, sai na ji muryarta a bayan ɗakin girki. Waya take yi da Turanci, a hankali, da sauri-sauri. Turancina ba mai nisa ba ne, amma na tsinci "saniya", na tsinci "kawuna". Da ta gan ni ta katse maganar ta sa wayar a aljihu. Ta ce mini malaminta ne. Na ce to.

Bayan 'yan kwanaki farar motar ta tsaya a ƙofarmu. Mutum biyu ne, masu ladabi, har suka cire hula suka gaisa. Suka bi shanun da ke garke ɗaya bayan ɗaya. Da suka gama, babbansu ya goge hannu ya dubi tudu.

"Baba, akwai wata a can baya, ko?"

Peniasi ya juya ya dubi Sereana da ke tsaye a ƙofar ɗakin girki, ita kuma fuskarta ta yi fari fat. Na matsa kusa da mutumin na tambaye shi wa ya aiko su. Ya ce shi dai umarni aka ba shi daga ofis.

Sakamako ya fito. Jar saniya da wasu uku, har da bajimin, duk suna da cutar. Ranar da aka loda su Peniasi ya shige ɗaki ya rufe. Ni kuwa na samu Sereana tana haɗa kaya, na zauna a bakin gadon da ta yi ƙuruciya a kai.

"Dube ni," na ce. "Ni na goya ki. Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Gwaggo."

"Wayar nan fa?"

"Shawara na nema. Na ce wa malamina wani nawa ba shi da lafiya, yana ɓoye saniya, ya ƙi asibiti, me zan yi. Ban faɗi suna ba."

"Ya san gidan da kika sauka?"

Hannunta ya tsaya a kan rigar da take ninkewa.

"Ya sani," ta ce.

"Yana da abokai a ofishin nan?"

"Su suka ba mu izinin aikin." Ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. "Ya ce mini ba zai gaya musu ba. Ban sani ba, Gwaggo. Wallahi yanzu ban sani ba." Can ta ɗago. "Amma daga gonar Baba Waisake ana hango bayan tudun nan sarai. Ni ma daga can na fara ganinta."

Wannan ban yi tunaninsa ba sai da ta faɗa, kuma tun da ta faɗa bai bar ni ba.

Ta tafi da safe a motar madara. Peniasi bai fito ba. Amma da yake babu sauran abin ɓoyewa, a makon nan ya yarda na kai shi asibiti, aka ga cutar a jininsa, ya sha magani na tsawon makonni har zazzaɓin ya sake shi. Ƙugun ne dai har yau yake damunsa in damina ta yi nisa.

Sereana ta gama karatunta. Ta ce mini abin da ta samu bai kai yadda ta so ba, don rabin amsoshin da aka ba ta ƙarya ne, kuma dole ta rubuta hakan. Ta canza malami kafin ta ƙare, ba ta gaya mini dalili ba. Ina kiranta in na je gari, daga gindin bishiyar da ke bakin kasuwa, don Peniasi ba ya son jin sunanta a gida.

A ƙauye an gama yanke hukunci cewa Sereana ce ta kai ƙara. Waisake ya fi kowa faɗin hakan, da ƙarfi, a duk zaman yangona. Bara Peniasi ya sayo sabon bajimi daga wani tsibiri, da takardar lafiyarsa. Ba a jima ba Waisake ya zo aro, ya shigo har tsakar gida yana wasa da dariya kamar da. Peniasi ya ba shi wurin zama, ya sa na kawo shayi, suka yi hirar ruwan sama da farashin dusa. Da aka zo maganar bajimi Peniasi ya ce ai bai gama sabawa da wurin ba, a bari tukuna.

Waisake ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya fita. Peniasi ya bi shi da kallo har ya ƙetare shinge, sannan ya ce in ɗauraye kofin da ruwan zafi.