Kwalbar Jinin Baba

Auta ta zaro kwalbar daga injin juya jini, ta ɗaga ta saitin taga. Ruwan da ya taso sama, wanda ya kamata ya zama garau kamar man gyaɗa, ya yi ja-ja kamar ruwan da aka wanke nama a ciki.

"Wane mahaucin ne ya ɗebi wannan?" in ji Dogo, abokin aikinta a ɗakin gwaji, yana leƙowa ta kafaɗarta.

"Likita ce."

"Ai na sani. Su dai rubutu suka iya, shi ma ba ya karantuwa."

"Yayata ce. Jinin Baba ne."

Dogo ya ja bakinsa ya koma kan kujerarsa.

Da safen nan aka ɗebi jinin a gida. Auta ta riga ta jera auduga da allura a kan faranti, ta ɗaure dantsen Baba da roba, sai ya janye hannunsa ya ce, "Bari dai Likita ta ɗauka, tunda ga ta." Yaya, wadda ta iso shekaranjiya daga babban asibitin da take aiki, ta karɓi sirinjin tana murmushi. Rabonta da neman jijiya tun tana ɗaliba. Sau uku tana sokawa. Da ta samu sai ta ja da ƙarfi, sannan ta tura jinin cikin kwalba ta bakin allura har yana kumfa. Auta na tsaye riƙe da faranti. Baba kuwa cewa ya yi, "Ka ji hannun masu ilimi."

Shekara shida Auta tana tare da shi tun rasuwar Inna. Ita ke jera masa ƙwayoyinsa, ita ke murza masa ƙafa idan jijiya ta ɗaure shi har yatsunsa su lanƙwashe. Duk farkon wata tana aro na'urar gwada ƙarfin riƙo daga sashen gashin ƙashi na asibitinsu, ya matsa, ta rubuta. Shekara uku da suka wuce yana matsa kilo talatin da huɗu. Watan jiya ashirin da ɗaya. Baba kafinta ne, shekara arba'in yana riƙe guduma, yanzu ga shi tana suɓuce masa. Amma hoton Yaya ne da rigar kammala karatu a bangon falo. Idan baƙi sun zo, sai ya nuna ya ce, "Likitata ke nan." Idan sun tambayi Auta, sai ya ce, "Ita ma tana taimaka musu a asibiti."

Jiya Yaya ta yanke hukunci: tsufa ne, naman jiki ne ke zagwanyewa, ba abin da za a yi. Gobe za ta tafi da shi gidanta, a rufe shagonsa. Auta ce ta nace a auna sinadarin magnisiyam ɗin jininsa tukuna, don ta san ƙarancinsa na kawo ɗaurewar jijiya da kasala. Yaya ta yi dariya ta ce, "To, a auna, don ranki ya yi sanyi. In ya fito daidai, magana ta ƙare."

Don ta tabbatar wa kanta, Auta ta sa kwalbar a na'ura. Lamba ta fito tsakiyar daidai, ba sama ba ƙasa.

Ta san ƙarya ce. Mafi yawan magnisiyam ɗin da ke jini a cikin ƙwayoyin jini yake zaune. Idan aka fasa su wajen ɗiba, sai ya tsiyaye cikin ruwan, ya cike gurbin abin da babu. Wannan ɗalibin shekarar farko ma ya sani, in dai a ɗakin gwaji ya yi karatu.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ya fito? Ina so in fara haɗa masa kaya."

Auta ta dubi lambar, ta dubi jar kwalbar. A ranta ta riga ta tsara yadda za a yi: ta kai kwalbar gida, ta ajiye a tsakiyar falo ƙarƙashin hoton nan, ta yi bayani dalla-dalla a gaban Baba, ta ga yadda fuskar Likita za ta koma. Har ta ji daɗin abin a maƙogwaronta.

"Bai fito ba," ta ce. "Sai la'asar."

Ta ɗauki jan biro ta rubuta a takardar: an ƙi karɓa, jini ya fashe, a sake ɗiba. A gurbin sunan wanda ya ɗiba, ta tsaya. Ta daɗe biron na sama. Sannan ta ja layi ta bar wurin fayau.

Lokacin hutun rana ta hau bas zuwa shagon. Ta same shi zaune a kan benci, ƙafar wata kujera a cinyarsa, yana ƙoƙarin kafa ƙusa. Ƙusar ta faɗi cikin garin katako. Ya lalubo ta, ta sake faɗuwa. Da ya ga Auta sai ya tura kujerar gefe kamar dama hutawa yake yi.

"Lafiya da rana tsaka?"

"Jini zan sake ɗiba, Baba."

"Na Likita fa?"

Amsar na bakinta, a shirye, da kaifinta. Ta haɗiye.

"Kwalbar ce ta samu matsala a wajenmu."

"Ku dai ba kwa riƙe abu da kyau." Ya girgiza kai. "Yarinya ta yi aikinta tsaf, kun ɓata. Ku jira ta mana."

"In na jira ta, gobe kana cikin mota, shagon nan da kwaɗo. Kujerun mutane nawa ke nan ba ka gama ba?"

Ya waiwaya ya dubi shagon: zarto uku a jikin ƙusa, katakon da ya jingina tun bara yana jira ya bushe, gadon jariri da saura fenti. Ya naɗe hannun rigarsa na hagu, don na dama ya yi baƙi ya kumbura tun safe.

Ta shafa wurin da ɗan yatsa, ta ji jijiyar tana gudu ƙarƙashin fata irin ta tsofaffi, ta danne ta da babban yatsa. Ta saki robar da wuri, ta bar jinin ya gangaro da kansa.

"To, soka mana," in ji Baba, fuskarsa a bango.

"Na gama."

Ya juyo ya ga kwalbar cike a hannunta. Ya dubi hannunsa, ya sake dubanta, ya sauke rigar.

Wannan karon ruwan ya fito garau. Lambar kuwa ta faɗo ƙasa sosai, har na'urar ta sa mata alama. Auta ta sake aunawa, ta ba Dogo shi ma ya auna, ya sa hannu. Sannan ta fita baranda ta kira Yaya.

"Ya yi ƙasa. Sosai."

"Ba zai yiwu ba. Ni na ɗiba da hannuna."

"Naki ya fashe, Yaya. Na sake ɗiba a shago."

Yaya ta rage murya.

"Baba ya sani?"

"Na ce masa a wajenmu aka ɓata." Ta numfasa. "Kuma maganin ƙwannafin nan da kike aiko masa kwali-kwali, shekara uku ke nan bai fasa sha ba ko rana ɗaya. Ga na hawan jini mai sa fitsari. Su biyun duk suna rage magnisiyam a jiki. Ki duba littafina a kan firji, ki ga watan da hannunsa ya fara sauka."

Ta ji ƙarar buɗe takardu ta cikin wayar.

"Wata biyu na ce ya sha," in ji Yaya a hankali.

"Ba ki ce ya daina ba. Abin da kika aiko kuwa, ko ni na ce ya bari ba zai bari ba."

Da Auta ta dawo gida da yamma, tun daga ƙofa take jin muryar Baba. Maƙwabcinsu tela ya shigo gaisuwa, Baba na ba shi labari.

"Kwana biyu kacal da zuwanta ta gano. Wani sinadari ne ya ƙare a jinina, ba tsufa ba ne kaɗai. Ta canza magani, ta ce in zauna a shagona, a riƙa aunawa duk sati biyu a gani. Ai karatu ba ƙarya ba ne."

Yaya na zaune ƙarƙashin hotonta, littafin Auta a cinyarta. Ta ɗago ta buɗe baki, "Baba, ai Auta ce…"

"Ita ma ta yi ƙoƙari," in ji Baba. "Ita ta kai kwalbar."

Auta ta wuce kicin ba ta cire takalmi ba. Ta buɗe famfo ta tsaya tana wanke hannun da ba shi da datti. Shekara shida, kuma ita ta kai kwalbar. Ta ji tela ya yi sallama, ta ji Yaya ta shiga ɗaki tana waya, ta ji jan silifas a bayanta.

Baba ne. Ya waiga falo, sannan ya naɗe hannayen rigarsa duka biyu, ya miƙa su ƙarƙashin fitila. Na dama baƙi ƙirin kamar an buga masa katako. Na hagu sai an kusa ake ganin ɗigon.

"Wannan awon na duk sati biyu," ya ce ƙasa-ƙasa, "ke za ki riƙa ɗiba."

"To, Baba."

"Amma kada yayarki ta ji. Ba za ta ji daɗi ba."

Auta ta rufe famfo. Ta miƙa masa yatsunta biyu kamar yadda ta saba idan ba na'ura.

"Matsa mu gani."

Ya kama ya matsa iya ƙarfinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Da kyar ta ji riƙon. Ta bar yatsun a hannunsa.

"Bayan sati biyu," ta ce, "ƙarfe bakwai. Kada ka sa in jira."