Gyaɗa Mai Gishiri a Nepalganj

Tun kafin jirgin Katmandu ya sauka Nepalganj, Padam Rokaya ya gama yanke hukunci cewa kamfanin jirage masu shuɗin wutsiya ya fi kowane. Shekarun da ya yi yana dakon siminti a Katar sun sa ya hau jirage iri-iri, har yana ganin kansa gwani a sha'anin. Ga kujera mai laushi, ga ma'aikaciya tana haɗa tafuka tana gaishe ka, ga gyaɗa mai gishiri a 'yar leda. Mutumin da ke gefensa, kai a aske, sanye da fararen kaya, ya kau da fuska daga gyaɗar. Padam bai tambaye shi dalili ba, don a ƙasarsu kowa ya san wanda ya rasa uba ba ya ɗanɗana gishiri sai kwanakin makoki sun cika. Sai ya dafe aljihun da wayarsa take.

Babansa na can kwance a Simikot, hayaƙin murhu na shekara da shekaru ya cinye masa ƙirji. Ƙanwarsa Junkala ta ce tsoho yana jan numfashi kamar mai hawan dutse da kaya. Shi ya sa Padam ya sayo injin iskar numfashi da baturinsa, ya ɗaure cikin kwali da igiya. Shi kaɗai ne ɗa namiji. In ta Allah ta kasance, bisa al'adarsu hannunsa ne zai sa wa gawar wuta a bakin kogi, amma wannan bai yarda ya tuna ba.

Saura ƙaramin jirgin da zai haye da shi duwatsu. Da safe kawai ake tashi, don da rana ta ɗaga sai iska ta kama mashigar Simikot, a rufe filin. Ta mota kuwa kwana da kwanaki ne, in ma ruwa bai cinye hanyar ba. Tikitinsa na shuɗin wutsiya ne, sahu na biyu. A ɗaya teburin kuma ga tsohon kamfanin da mutanen dutse ke kira Akwala, ana ta ihu saura mutum ɗaya.

Padam ya je ya gwada sa'a. Akawun Akwala, baki cike da taba, bai ko ɗago ba.

"Hau sikeli. Da kwalin."

Ya hau. Akawun ya tsartar da yawu a gwangwani.

"Kai kaɗai za ka shiga. Kwali ya biyo ka gobe ko jibi."

"Dai," in ji Padam, wato yaya da yarensu, "injin numfashin babana ne fa."

"Ko na kakan sarki ne. Na riga na loda shinkafa, nauyi ya cika. Ka shiga ko ka ba ni wuri, ƙanena, ka tare min iskar fanka."

Ran Padam ya ɓaci. A Katar ko kare ba a yi wa magana haka a filin jirgi, ko da yake a wurin aiki an yi masa wadda ta fi. Ya ja kwalinsa ya koma teburin shuɗi. Budurwar wurin ta miƙe tsaye, ta ba shi ruwan sanyi a kofi.

"Kada ka damu, dai. Kai da kayanka duka, sahu na biyu. Yanzu-yanzu."

To, wa zai je wa maras lafiya hannu rabbana alhali ga magani a kwali? Kuma wa zai bar mai murmushi ya bi mai tofar da yawu? Ya zauna. Yana kallo ta gilashi aka tura wata tsohuwa mai ƙullin barkono cikin Akwala, a kujerar da aka yi masa tayi. Jirgin ya yi tari, ya girgiza, ya tashi.

Can sai ga motoci sun sauke ayarin masu ziyarar dutse mai tsarki daga Indiya, dukansu sanye da huluna iri ɗaya. Wani ɗan kamfanin yawon buɗe ido ya rungumo fasfunansu ya shige bayan tebur. Sahu na biyu ya tashi da su. Budurwar ta zo har inda Padam yake, ta sunkuya.

"A yi haƙuri, dai, su tun bara suka kama wuri. Na uku naka ne."

Na uku bai tashi ba. Padam ɗan dutse ne, ba sai an gaya masa ba. Yana ganin inda inuwa ta kai ya san iska ta riga shi.

Ya kira gida. Junkala ta kara wa tsoho wayar. Muryar ta zo a tsinke, da shaƙa tsakanin kalma da kalma.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Baba. Na sayo maka inji, shi ne ya hana ni shiga jirgin safe."

"Inji kuma? Ni kai na ce ka zo."

Washegari hadari ya rufe duwatsun, Akwala da shuɗi duk suka kwanta. Fasinjoji suka baje a kan buhuna suna gardamar da ba ta ƙarewa. Wani malamin makaranta ya ce shuɗi sun fi tsabta, har audugar toshe kunne suke bayarwa a faranti. Wani ɗan kasuwa ya ce shi audugar Akwala daga aljihun direba take fitowa, amma ai tana toshewa. Aka yi dariya. Padam ya zauna a kan kwalinsa, ya rasa wanda zai tsana in ba kansa ba.

Wajen hantsi wayar ta yi ƙara. Kukan matan da ya jiyo a bayan Junkala ya riga maganarta.

"Dai, Baba ya tafi."

Junkala ta ci gaba.

"Baffa ya ce ba za a kwana da gawa cikin gari ba. An sauka da shi kogi. Ɗan baffa ne zai sa wutar."

"Ku jira ni! Gobe da sassafe..."

"Goben wa, dai? Jiya ma gobe ka ce. Matar nan mai barkono ta zo gaisuwa, ta ce ta gan ka a zaune kana shan ruwan sanyi."

Layin ya yanke, ko ita ta yanke, bai sani ba.

Bai motsa ba har aka yi sanarwa cewa yau ma babu tashi. Masu Akwala suka kulle teburinsu suka watse ba ko sannu. Masu shuɗi kuwa, su da sanin darajar fasinja, suka fito da tire. Budurwar ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya har ta iso kansa, ta haɗa tafuka, ta ba shi haƙuri da sunan kamfani, ta ajiye masa 'yar ledar gyaɗa a tafin hannu.

Padam ya ɗan tsura wa ledar ido. Sannan ya miƙa mata abarta.

"Mai gishiri ce," ya ce.