Allon Makokin Dakta Wetherall

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don Dorcas Wetherall ba mai son a riƙa ambatonta ba ce. Amma ga shi.

Ubanta, Dakta Wetherall, shi ne shugaban kwalejinmu a Cambridge, kuma a wancan zamani mutuwa ce kan sauke shugaba. Tun shigowar sanyi ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Likita bai ɓoye wa Dorcas komai ba. Ya ce in aka bar tsohon cikin danshin bakin kogin garin, ba zai ga ƙarshen sanyin ba, in kuwa aka kai shi gidan ƙanwarsa a Cromer, bakin teku, akwai sa rai. Dorcas ta roƙi uban ya tafi har bakinta ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai kwaleji ba za ta iya ba sai da shi.

Wata safiya ta bi ta bayan kicin za ta karɓo masa romo, sai warin fenti ya bugi hancinta. A cikin rumfar ajiye itace ta tarar da Noakes, mai fentin kekunan doki, tsugune gaban wani ƙaton allo. Kallo ɗaya ta yi ta gane shi. Irin allon ne da ake ratayawa bisa ƙofar kwaleji in shugaba ya mutu, zanen garkuwa a tsakiya an raba ta biyu, ɓangare guda kifaye ukun tambarin kwaleji, ɗayan kuma damin alkama, tambarin gidan Wetherall.

"Wa ya sa ka?" in ji ta.

Noakes ya cire hula. "Manyan malamai ne, ranki ya daɗe. Sun ce fenti ba ya bushewa da wuri a sanyin nan, gara a fara."

"Ubana yana sama yana numfashi."

"Ai ni ma na faɗa musu. Suka ce fenti aka kira ni in yi, ba duba maras lafiya ba."

Hawaye ya zo mata, amma wata dabara ta riga shi. In tsohon ya ga yadda mutanen da yake mutuwa dominsu suka ƙosa da shi, zuciya za ta ɗebe shi ya ce a kawo keken doki su tafi Cromer. Ta sa Noakes ya kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya, suka jawo allon ta tsakar ciyawar da ba a yarda kowa ya taka ba sai malamai, suka jingine shi daidai ƙasan tagar ubanta.

Ta hau sama, ta tallafe shi zuwa taga. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Duba, Baba. Ga abin da suke maka. Har sun gama binne ka."

Ya daɗe yana kallo. Ta ji kafaɗarsa tana rawa, ta ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, wadda ta koma tari har sai da ya riƙe labule.

"Wane jaki ne ya yi wannan?"

"Ka gani ko? Mu tafi, Baba. Ko yau ma..."

"'Yar nan, buɗe idonki. Baƙi a bayan tambarin wanda ya mutu ake sa shi, fari bayan wanda ya rage. Dubi inda ya shafa baƙin. Bayan kifaye! Ya kashe mini kwaleji ya bar ni da rai."

Dorcas ta duba. Haka ne kuwa. Damin alkamar yana zaune a kan fari tas.

"To a bar shi haka mana," ta ce a hankali. "Ni haka ya fi mini."

"A rataya wannan a ƙofata, 'yan sauran kwalejoji su zo su yi ta nuni suna ƙyalƙyata? Malaman nan ba wanda zai lura sai an sha kunya. Kin ga abin da nake gaya miki? Mako nawa na kwanta, ga shi har sun fara ɓarna. Ina zan tafi in bar su?"

"Baba, don Allah."

"Ki je ki ce ya gyara. Ke nake so ki tsaya a kansa, ban yarda da kowa ba."

Ta mayar da shi gado, ta ja masa bargo har wuya. Ranar ya shanye romonsa tas, abin da ya daɗe bai yi ba. Ita kuwa ba ta iya sa komai a baki ba. Akwatin da ta fara shirya masa tun makon jiya yana nan bayan ƙofa a buɗe, ta kwashe rigunan ta mayar cikin kabad.

Washegari da safe ta sauka rumfar itace. Noakes yana motsa fenti da tsinke.

"Wanne ɓangaren ne dai, ranki ya daɗe? Kada in sake kwafsawa."

Ta ɗora yatsa a kan damin alkamar. Ya tsoma buroshi cikin baƙin, ita kuma ta tsaya nan hannu a harɗe, har farin ya ƙare.