Ɗauki Hularka

Sai da Peniamina ya karanta rubutun sau uku sannan ya saki labulen. Biyar saura ta asuba, ruwa na dukan rufin kwano tun shekaranjiya, kicin ɗin ya yi sanyi kamar cikin randa. Ya durƙusa da ƙyar, ya mayar da filogin injin tsotse danshi cikin bango, injin ya soma gurnaninsa. Ta bayan bangon katako ya jiyo tarin jikarsa Lupe, tari mai fito a ƙarshensa. Ya tsaya har ta yi shiru. Hular sanyinsa na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ya dube ta, ya fita da kansa a buɗe.

Kowa a Wellington ya san aikin safiyar hunturu. Ka tashi ka tarar da tagogi sun yi gumi, ruwa na bin gilashi yana taruwa a katako, ka ɗauki tsumma ka goge, gobe ka sake. Shekara talatin da ɗaya matarsa Sieni tana wannan aiki, tana yi tana mitar wanda ya ɗauko ta daga hasken ranar Samoa ya kawo ta cikin kwata. Ranar uku ga Yuni, farkon hunturu a ƙasar, ba ta goge tagar kicin ba. Yana shan shayi tana tsaye, sai ta sa yatsa cikin gumin ta rubuta masa da harshensu na gida: ƊAUKI HULARKA, MAI TAURIN KAI. Ya yi dariya, ya bar hular da gangan don ya samu abin jan ta da faɗa da yamma. Ƙarfe sha ɗaya maƙwabciya ta same ta a faɗe a bakin ƙofa. Ba ta kai yamman ba.

Kwana tara bayan an binne ta ya buɗe labulen da asuba, ya ga rubutun ya dawo. Maiƙon yatsa ba ya barin gilashi sai an wanke, duk sanda tagar ta yi gumi haruffan na fitowa, har da karkacewar hannunta. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a coci ba.

Sai 'yarsa Leata ta tare a gidan da Lupe don kada ya zauna shi kaɗai. Yarinyar na da asma, saboda haka Leata ta sayo injin nan mai shanye danshin ɗaki. Kwana biyu da kunna shi gilashin ya bushe ƙayau, babu ko ɗigo. Peniamina ya gwada hura masa iskar baki, harafi biyu su fito, kafin ya kai na uku na farko ya ɓace. Tun daga nan in gida ya yi barci sai ya zare filogin, da asuba ya yi karatunsa ya mayar. Labulen kuwa ya ce uwarta ce ta ɗinka, a bar shi yadda ta bar shi, Leata ba ta ƙara kai hannu wurin ba. Ba mugu ba ne. Yana son yarinyar nan fiye da ransa, ya dai koya wa kansa kada ya haɗa tarin da filogin a tunani ɗaya.

A garejin bas ya tarar da Baljit, abokin aikinsa, yana ɗumama hannu da kofin shayi.

"Dattijo, wallahi sanƙon nan zai yi tsatsa," in ji Baljit. "Wata biyu kana shanya shi a ruwa."

"Ba kowa Allah ya ba rawani yadi shida ba."

"Zan ara maka ɗaya. Akwai ruwan hoda, zai karɓe ka."

"Ara wa surukinka."

Ya ja motarsa ya fita. Har bakwai da rabi fitilun titi na ci, waifa na kai da kawowa a gilashin gaba, fasinjoji na shigowa a jiƙe, kowa da warin rigar da ba ta gama bushewa ba. Wata mata ta hau da lema a karye kamar fiffiken kaza, ka san baƙuwa ce, ɗan gari ba ya ɗaga wa iskar kudu lema. Hunturun garin nan ba da ƙarfi ake cin sa ba, kowa na da ɗan abin da yake riƙewa har Satumba. Wani tukunyar miya, wani ƙwallon Asabar, wani kwalba, wani gwajin waƙar coci ranar Laraba. A kowace tasha masu sauka na ɗaga murya daga ƙofar baya, "Mun gode, direba," shi kuma ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba. Nasa abin riƙon na bayan labule.

Goma da kwata, yana hutu a tashar ƙarshe ta bakin teku, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, muna asibiti," in ji Leata. Muryarta a bushe take. "Daga makaranta aka ɗauko ta. Leɓenta har ya canja kala."

Baljit ya karɓi sauran zagayensa. Peniamina ya shiga ɗakin yara ruwa na ɗiga daga kunnuwansa. Lupe na jingine da filo uku, an sa mata robar iska a hanci, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Shekararta shida, amma gadon ya mayar da ita kamar 'yar uku. Ta buɗe ido ta gan shi.

"Tsoho, kanka na ƙyalli," ta ce a hankali.

"Ke kuma kin zama giwa, ga hanci har ƙasa."

Ta so yin dariya, tari ya tare ta. Leata ta harare shi.

Can wata nas mai furfura ta shigo da takarda, ta ja kujera ta zauna. Ta ce likita ya ce an shawo kan abin, amma wannan ne karo na uku a hunturun bana, dole su yi maganar gida. Ta tambayi ko suna shanya a ɗaki, ko suna ɗumama gida da gas, ko akwai fumfuna a bango.

"Babu," in ji Leata. "Ni da kaina nake bi ina gogewa. Kuma na sayi injin danshi, kwana yake yana aiki."

"Madalla. Sau nawa kuke zubar da ruwan tankinsa?"

"Kamar sau biyu a sati."

Nas ɗin ta ɗago kai. "A tsohon gidan katako, a watan Agusta? Nawa kullum da safe a cike nake samun sa. Ki mayar inda kika saya, ƙila ya lalace."

"Bai lalace ba," in ji Lupe daga kan gado. "Barci yake yi da dare. Kaka ne ke kwantar da shi. Ina jin tafiyarsa, sai injin ya yi shiru."

Ba ta faɗa don ta kai ƙara ba, ta faɗa ne kamar yadda yaro ke faɗin abin da ya sani manya ba su sani ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Nas ɗin ta mayar da idonta kan takarda, ta ce za ta dawo an jima. Leata ta miƙe.

"Baba, zo waje."

Suka tsaya a baranda kusa da wata babbar taga. Sha biyun rana, amma sararin kamar magariba.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Saboda kuɗin wuta? Ai na ce ni zan biya. Na roƙe ka ne?"

"Ba wuta ba ce."

"To mene ne? Ka buɗe baki ka yi min magana, Baba. Yau na riƙe yarinyar nan a motar asibiti tana kallona, tana neman iska, ba ni da abin ba ta."

Ya dubi takalmansa. Shekara sittin da biyu, bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ya gaya mata duka: shayin, yatsan, hular, asubar da rubutun ya dawo. Ya yi maganar a taƙaice, kamar mai ba da rahoton haɗari a gareji.

Leata ta kafe shi da ido. Ya yi zaton za ta yi ihu, sai ta yi maganar ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihun ciwo.

"Wata biyu. Rubutun Mama yana gidan da nake kwana, kana karantawa kai kaɗai. Ni ba uwata ba ce?"

"Leata..."

"Na bincike jakarta kaf ina neman ko takardar cefane ce da hannunta, ban samu ba. Kana kallona." Ta share fuska da bayan hannu. "Mama ta rasu, Baba. Waccan ta ciki ita ke numfashi. Da Mama na nan da ita za ta fara fasa tagar a kanka."

Bai musa ba, don ya san haka ne.

"Yaya ya daɗe yana cewa mu koma wurinsa Brisbane, akwai ɗaki, akwai rana. Saboda kai na ƙi. Jibi za su sallame ta, kuma ba zan mayar da ita gidan can ba yadda yake." Ta tura ƙofa ta koma ciki, ta ɗora jakarta a kan kujerar da ya tashi daga kai.

Ya hau bas zuwa gida a matsayin fasinja, ya zauna can baya. Direban wani yaro ne sabo da bai san shi ba. Da zai sauka ya ji bakinsa na cewa, "Mun gode, direba."

Bai taɓa buɗe labulen nan da rana ba. Kullum da asuba ne, da 'yar fitilar kan murhu, idonsa a kan haruffa kawai. Yanzu da ya ja shi gefe sai warin ya fara dukan sa. Katakon tagar ya yi baƙi ƙirin daga kusurwa zuwa kusurwa, fumfuna ta hau bango ta bi ta bayan kabad, daidai bangon da gadon Lupe ke jingine da shi ta ɗaya ɓangaren. Bayan labulen, wanda Sieni ta ɗinka fari da furanni, ya yi dabbare-dabbare har ƙasa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sani, ya ƙi dubawa ne.

Ya kashe injin, karo na ƙarshe. Ya cika babbar tukunya da ruwa ya ɗora, ya fere gwaza ya zuba, ya bar ta a buɗe. Tururi ya cika kicin. Ya tsaya gaban tagar yana jira, a hankali gilashin ya yi fari, haruffan suka taso ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro wayarsa. Bai taɓa ɗaukar hoton ba, don a ransa nasa ne shi kaɗai. Sai da ya ɗauka sau huɗu kafin ya samu wanda ke karantuwa, ya tura wa Leata, bai rubuta komai a ƙasa ba. Alamar ta nuna ta buɗe. Amsa ba ta zo ba.

Ya sauke labulen ya cusa a buhun shara. Ya haɗa ruwan zafi da sabulu da ruwan khal a bokiti, ya fara da bango, ya janye kabad, ya kankare katako da tsohon buroshi har yatsunsa suka yi jawur. Gilashin ya bari na ƙarshe. Ya matse tsumman, ya tsaya da shi a hannu.

"To, na ji," ya ce da ƙarfi, shi kaɗai a kicin. "Kin yi nasara."

Ya fara daga dama, ta wajen taurin kan, ya goge zuwa hagu. Bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya sake wankewa da sabulu don kada gobe zuciyarsa ta sa shi zuwa neman saura. Ta cikin gilashin ya ga gidajen tsallaken kwari sun fara kunna fitilu, huɗu da rabi kacal. Ya buɗe tagogin gidan duka iska ta ratsa, sannan ya rufe, ya kunna injin, ya naɗe filogin da salatif a jikin bango. Ya zuba gwazar a kula da madarar kwakwa, yadda Leata ke so tun tana ƙarama. A bakin ƙofa ya miƙa hannu ga ƙusar. Hular ta yi sanyi, tana ɗan warin ajiya.

Shida ta wuce ya shiga ɗakin yaran. An cire wa Lupe robar hanci, tana lasar ƙanƙara mai zaƙi a tsinke. Ta ƙura masa ido.

"Mama, dubi. Tsoho ya ɓoye sanƙonsa."

Leata na zaune gefen gado, wayarta a kife a cinya, idanunta sun kumbura. Ta dubi hannuwansa da suka yi ja, ta dubi kular, sannan ta ɗaga kai ta dubi hular, ta daɗe tana kallon ta. Ba ta ce masa sannu ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke jakarta daga kan kujera.